Rikicin Nutka: Abin da Jiragen Sifaniya Suka Bari a Gaɓar Arewacin Fasifik

A yammacin tsibirin Vancouver, cikin ƙasar Kanada ta yau, akwai wani lungun teku mai suna Yuquot. Babu titin mota da ke kai mutum can, sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Kakannin mutanen Mowachaht sun fi shekara 4,000 suna zaune a wurin. A shekarar 1790 saura ƙiris Ingila da Sifaniya su gwabza yaƙi a kan wannan lungu, wanda Turawa ke kira Nutka, alhali cikin sarakunan ƙasashen biyu babu wanda ya taɓa sa ido a kansa. Sifaniya ce ta riga kowace ƙasar Turai isa wannan gaɓa daga kudu, ita ce kuma ta fara gina sansani a kanta, amma cikin shekara 21 ta kwashe kayanta ta fita. Wahalar da matuƙanta suka sha ba ta tafi a banza ba, sai dai wasu ne suka ci moriyarta, ciki har da waɗanda ba a taɓa tunanin za su ci ba.

Tsoro ne ya kai Sifaniya arewa. Tun daga umarnin Fafaroma na 1493 da yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, da kuma ranar da Balboa, ɗan Sifaniya, ya kutsa cikin ruwan Fasifik a 1513 ya ce na sarkinsa ne, Madrid ke ɗaukar duk gaɓar yammacin nahiyar Amurka a matsayin mallakarta. Ta yi sama da shekara 250 ba ta damu da ta je ta ga ƙarshen abin da take iƙirari ba. Sai labari ya fara zuwa daga jakadanta a Rasha cewa tun bayan tafiyar da Bering, matuƙin da ke yi wa Rasha aiki, ya yi a 1741 mafarautan Rasha na gangarowa ta tsibiran Alaska suna neman fatu. Abin da ya tayar wa Madrid hankali shi ne ma'adinan azurfar Meziko da kuma jiragen fatauci da ke tasowa daga Manila zuwa Akapulko. Saboda haka a 1768 aka kafa tashar sojan ruwa a San Blas, wani gari mai zafi da sauro da zazzaɓi a gaɓar Meziko. Daga nan aka riƙa ɗiban mutane, yawancinsu haifaffun Meziko da ba su san sanyi ba, ana tura su ƙasar hazo da ruwan sama mai ƙanƙara. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane sauran labarin: Sifaniya shinge take nema, ba ta da niyyar ciniki ko kai iyalai su zauna.

A watan Janairun 1774 Juan Pérez ya tashi da jirgin Santiago. Wakilin sarki a Meziko, Bucareli, ya umarce shi ya kai digiri 60 a arewa, ya sauka ya yi bikin karɓar ƙasa, kada ya ƙwaci komai a hannun mutanen da zai tarar. Pérez bai wuce wajen digiri 55 ba. A watan Yuli ya haɗu da mutanen Haida a cikin kwale-kwalensu, a watan Agusta ya jefa anga kusa da bakin mashigin Nutka, inda jama'a suka zo suka ba da fatu suka karɓi wuƙaƙe da ƙwaryar wasu dodon koɗi masu sheƙi da ma'aikatan jirgin suka tsinto a Kalifoniya. Iska ta taso, ya yanke igiyar anga ya juya. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya a duk wannan gaɓa.

Tafiyar 1775 ta fi tsanani. Bruno de Heceta ya ɗauki Santiago, Juan Francisco de la Bodega y Quadra, haifaffen Lima, ya ƙare da jagorancin wani ɗan jirgi mai suna Sonora da tsawonsa bai wuce mita 11 ko 12 ba. A gaɓar da yanzu ke cikin jihar Washington, mutum bakwai daga Sonora suka sauka ɗiban ruwa, mutanen wurin suka kashe su a kan idon sauran. Ciwon nan da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke jawowa, mai sa dasashi ya kumbura haƙora su zube, ya kwantar da mutanen Heceta har ya juya gida. A hanyarsa ta komawa ya ga bakin wani ƙaton kogi, ya sa shi a taswira, amma ba shi da isassun masu lafiyar da za su ɗaga anga in ya jefa ta, don haka bai shiga ba. Bodega kuwa ya ci gaba shi kaɗai cikin wannan ɗan jirgi har wajen digiri 58, yankin Sitka a Alaska. Pérez, wanda ya sake bin tafiyar a matsayin matuƙi, ya rasu a teku kafin a isa San Blas.

Duk inda suka samu sauka, ga yadda ake karɓar ƙasa: a kafa gicciye na katako, limamin Kirista ya yi addu'a, kwamanda ya zare takobi ya sassari rassan itace, ya tsinci duwatsu ya watsa, ya tambaya da ƙarfi ko akwai mai ja. Sai a rubuta takarda, a cusa ta cikin kwalba, a toshe, a binne a gindin gicciyen. Masu ƙasar kan tsaya daga nesa suna kallo, ba a yi musu magana da harshen da suke ji ba. Daga nan sai a kai rahoto da taswira Meziko da Madrid a kulle a ma'ajiya, don kada Ingila da Rasha su san hanya. Abin ya yi kama da mutumin da ya shiga daji ya kafa turke, bai share ba, bai shuka ba, bai sanar da mai unguwa ba, ya koma gida yana cewa yana da gona.

Illar wannan ɓoyo ta fito a 1778, lokacin da kyaftin ɗin Ingila James Cook ya shiga Nutka ya yi kusan wata guda yana gyaran jiragensa. Mutanensa suka sayi fatun karen ruwan teku da tsofaffin ƙarafa da maɓallai, daga baya suka sayar da su a Kanton ta ƙasar Sin, har wasu masu kyau suka kai dala 120 kowace ɗaya. A 1784 aka buga labarin tafiyar a Landan, duniya ta karanta, daga 1785 jiragen 'yan kasuwa suka fara tururuwa. A cikin labarin akwai wani ɗan bayani da Sifaniyawa suka riƙe gam: wani daga cikin mutanen Cook ya sayi cokulan azurfa guda biyu a hannun wani mutumin Nutka da ke rataye da su a wuya, kuma Cook ya ɗauka ƙirar Sifaniya ce. Esteban José Martínez, mataimakin Pérez a tafiyar 1774, ya ce nasa ne da aka ɗauke a jirgi. Daular da ta aika jirage shekara huɗu kafin Cook ta koma tana kafa hujja da cokula biyu da ke cikin littafin abokin hamayyarta, saboda nata littattafan suna kulle.

Wannan Martínez ɗin ne aka tura a 1789 ya kama Nutka, bayan ya je Alaska a 1788 ya ji daga bakin Rashawa cewa suna da niyyar sauka can. Ya iso ranar 5 ga Mayu, ya tarar babu Barashe ko ɗaya, sai jiragen Amurka biyu da kuma jirgin wani ɗan kasuwar Ingila, John Meares, wanda ya saba ɗaga tutar Fotugal don kauce wa lasisin manyan kamfanonin ƙasarsa. Martínez ya ƙyale Amurkawa. Ya kama jirgi ɗaya na Meares ya sake shi, ya ƙwace wani da ya iso daga baya. A watan Yuli wani kyaftin ɗin Ingila, James Colnett, ya iso da jirgin Argonaut ɗauke da ma'aikata 'yan Sin da kayan gini, da niyyar kafa wurin ciniki na dindindin. Mutanen biyu, kowa da zafin zuciyarsa, suka yi cacar baki a ɗakin jirgin Martínez, aka kama Colnett. Bayan 'yan kwanaki aka ƙwace wani jirgin Ingilishi, Princess Royal, ma, aka aika fursunoni San Blas.

Ranar 13 ga Yuli wani babban basarake na kusa da Maquinna, sarkin Mowachaht, mai suna Callicum, ya tuƙo kwale-kwale tare da iyalinsa ya zo gindin jirgin Sifaniya yana yi wa Martínez faɗa a kan kama Ingilishi, waɗanda abokan cinikinsa ne. Aka harbe shi daga kan jirgin ya faɗa ruwa. Wasu ruwayoyi sun ce Martínez ne da hannunsa, wasu sun ce bindigarsa ta ƙi tashi wani ma'aikacin jirgi ya harba. Maquinna ya kwashe jama'arsa ya koma wajen wani sarki mai suna Wickaninnish a kudu. A yarjejeniyoyi uku da aka ƙulla daga baya an lissafa jirage da gine-gine da diyya, ba a ambaci ran Callicum ba. A ganina duk nazarin da ya tsallake wannan kisa bai fahimci lamarin ba, domin daga ranar Sifaniya ta rasa amincewar mutanen da sai da kifinsu sansaninta zai rayu, kuma ta ɗauki shekaru tana lallashi.

Meares ya isa Landan a 1790 ya kai kuka majalisa. Ya ce tun 1788 ya sayi fili a hannun Maquinna ya yi gini, ya kuma zuzuta asararsa. Firayim Minista William Pitt ya ga dama ta samu ta karya tsohon iƙirarin Sifaniya a kan Fasifik gaba ɗaya. Majalisa ta amince da fam miliyan ɗaya, aka shirya jiragen yaƙi. Madrid ta waiwayi Faransa, wadda ke da alkawarin taimakonta, ta tarar juyin juya hali ya ɗaure wa Sarki Louis na 16 hannu. Ministan Sifaniya Floridablanca bai da zaɓi. Ranar 28 ga Oktoban 1790 aka sa hannu: za a mayar wa Ingilishi abin da aka ƙwace, kuma 'yan ƙasashen biyu na da 'yancin tuƙi da kamun kifi da ciniki da zama a duk gaɓar da ba a riga aka mamaye ba. Ma'anar wannan ita ce ganin ƙasa da kafa gicciye bai wadatar ba, sai an zauna. Irin wannan hujja ce Turawa suka rubuta a Balin a 1885 game da gaɓoɓin Afirka, a taron da babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mafi kyawun aikin Sifaniya a wannan gaɓa an yi shi ne a daidai lokacin da take rasa ta. An janye Martínez ƙarshen 1789, a watan Afrilun 1790 Francisco de Eliza ya dawo da sojojin Kataloniya ƙarƙashin Pedro Alberni. Suka sake gina ganuwar San Miguel da Martínez ya fara a kan wani ɗan tsibirin dutse a bakin mashigi, suka sake kafa gari mai suna Santa Cruz de Nuca daidai kan filin ƙauyen Mowachaht na rani. Alberni ya haƙa rijiya, ya gina wurin gasa burodi, ya yi lambu yana shuka iri ɗaya a makonni dabam-dabam don ya gano lokacin da ya dace da ƙasar. Kabeji da dankali da latas suka yi, alkama da masara suka ƙi. Ya tattara kalmomin harshen wurin, har ya shirya waƙar yabon Maquinna ya koya wa sojojinsa su rera, don a shawo kan sarkin ya dawo. Daga wannan sansani jirage suka bazu. Salvador Fidalgo ya je Alaska ya raɗa sunayen Valdez da Cordova. Manuel Quimper ya zana mashigin Juan de Fuca cikin jirgin Princess Royal da aka ƙwace. José María Narváez ya shiga ruwan da ke gaban birnin Vancouver na yau a 1791. A shekarar nan Alejandro Malaspina ya iso da masana da masu zane. A 1792 Galiano da Valdés suka zagaye tsibirin da yanzu ake kira Vancouver cikin ƙananan jirage biyu, suka haɗu da kyaftin ɗin Ingila George Vancouver a hanya suka nuna wa juna taswira.

A wannan shekarar ta 1792 aka turo Bodega y Quadra ya aiwatar da yarjejeniyar tare da Vancouver. Bodega ya gane inda ƙarfin yake. Ya jawo Maquinna jiki, yana ci a teburinsa yana kwana a gidansa, ya kuma tattara shaida daga Maquinna da kyaftin-kyaftin na Amurka cewa Meares bai sayi ƙasa ba, abin da ya gina ɗan bukka ne. Da Vancouver ya iso ƙarshen Agusta, Bodega ya ce ga ɗan filin da bukkar ta tsaya, shi zai mayar. Vancouver ya ce duk tashar yake so. Suka kasa daidaitawa, suka mayar da magana ga gwamnatocinsu, amma suka ci abinci tare kusan kullum cikin kwanukan azurfa, suka tafi tare har Tahsis suka gaida Maquinna, suka sa wa tsibirin sunansu su biyu, Quadra da Vancouver. Mutunci ne na gaske a tsakaninsu, kuma gidan wani suke rabo.

Cikin tawagar Bodega akwai wani masanin tsirrai haifaffen Meziko, José Mariano Moziño, wanda ya yi 'yan watanni a Nutka ya koyi harshen gwargwado. Ya rubuta yadda ake gina dogayen gidajen katako, da matsayin sarakuna da talakawa da bayi, da kamun kifi da bukukuwa. Bai rufa wa nasu asiri ba: ya ce ma'aikatan jirgi sun ci mutuncin mutanen wurin, sun naƙasa wasu, sun kashe wasu. Ya kuma ba da shawarar a bar sansanin domin kuɗi kawai yake ci. Wasu takardun zamanin sun nuna Sifaniyawa na sayen yara bayi da fallayen jan ƙarfe da bindigogi suna kai su Meziko, da hujjar wai ceton su suke yi. A Neah Bay, ƙasar mutanen Makah, inda aka kafa wani sansani na 'yan watanni a 1792, Fidalgo ya buɗe wa kwale-kwale wuta da igwa bayan an kashe matuƙinsa, ya hallaka mutanen da babu shaidar suna da hannu, har Bodega ya tsawata masa.

Ƙarshen ya zo da sauri. A 1793 Sifaniya ta amince ta biya diyyar dala 210,000. A watan Janairun 1794 ƙasashen biyu, waɗanda yanzu suka haɗa kai a kan Faransa, suka yarda kowa ya bar wurin. Ranar 28 ga Maris 1795 aka ɗaga tutar Ingila aka sauke, Sifaniyawa suka kwashe igwoginsu. Mowachaht suka dawo suka rushe abin da ya rage, suka zare ƙusoshi, suka sake gina gidajensu.

Ɓoyon bai tsaya ba. An kama Malaspina ƙarshen 1795 saboda ya saɓa da Godoy, mai faɗa a ji a fada, aka kulle takardunsa, ba a buga cikakken labarin tafiyarsa ba sai 1885. Rubutun Moziño sai 1913 ya fito a Meziko. Kogin da Heceta ya gani a 1775 Ba'amurke Robert Gray ne ya shige shi a 1792 ya sa masa sunan jirginsa, Columbia. Littafin Vancouver ya fito a 1798, taswirarsa ta zama abin da matuƙa ke amfani da shi, sunan Quadra kuma ya zame daga jikin tsibirin sannu a hankali.

Wanda ya fara cin gadon shi ne Amurka. A yarjejeniyar 1819 Sifaniya ta sallama mata duk iƙirarinta arewa da digiri 42. Da aka zo jayayyar Oregon, wato kan mallakar wannan yanki tsakanin Amurka da Ingila, wakilan Amurka suka zaro sunayen Pérez da Heceta suna cewa sun gaji haƙƙin wanda ya fara gani. Ingila ta amsa da yarjejeniyar 1790, ta ce Sifaniya ba ta da mallaka ta ita kaɗai balle ta bayar. Aka tsaya a digiri 49 a 1846, sannan a 1872 Sarkin Jamus, wanda aka naɗa mai sasantawa, ya yanke cewa iyakar ruwa ta bi mashigin Haro, tsibiran San Juan suka faɗa Amurka. Iƙirarin da bai iya riƙe lungu ɗaya ba a hannun mai shi ya taimaka wa wata ƙasa ta samu gaɓa.

Sunaye su ne abin da matafiyi ke fara gani: Port Angeles, San Juan, Texada, Tofino, Zeballos, Port Alberni, Galiano, Quadra. Sai dai a yi hattara. Da dama daga cikinsu ba Sifaniyawa suka raɗa ba. Masu safiyon ruwa na Ingila ne suka sa wasu a ƙarni na 19 don girmama waɗanda suka riga su, tsibirin Galiano a 1859, wani tsibiri dabam mai suna Quadra kuma sai 1903. Kowane ɗayan wuraren nan yana da sunan da ya girmi wannan, kuma wasu sun fara dawowa: a 2010 tsibiran da Pérez ya fara gani suka koma Haida Gwaii a hukumance.

A Yuquot kanta, abin da ake gani na Sifaniya shi ne tagogin gilashi masu launi biyu da gwamnatinta ta ba cocin ƙauyen a shekarun 1950, ɗaya na nuna ganawar Bodega da Vancouver. Cututtukan da jirage suka kawo sun rage yawan jama'ar ƙwarai a ƙarnin da ya biyo. A 1904 an kwashe wurin ibadar mafarautansu na teku, da gumakan katakonsa, aka kai gidan tarihi a New York. A shekarun 1960 yawancin iyalai suka tashi zuwa kusa da Gold River, amma suna komawa Yuquot taro duk rani. Kanada ta ayyana wurin a matsayin na tarihi a 1923 saboda Cook da Sifaniya, sai a 1997 ta yarda cewa tarihin Mowachaht shi ne tushen darajarsa.

Takardun da aka rubuta don tabbatar da mallakar sarkin Sifaniya sun sami wani aiki a kotu. Dokar Kanada ta ce al'ummar asali da ke neman a amince mata da wani haƙƙi sai ta nuna cewa abin yana cikin al'adarta tun kafin haɗuwa da Turawa. Da al'ummomin Nuu-chah-nulth, waɗanda Mowachaht ke cikinsu, suka kai ƙara a kan kamun kifi, rubuce-rubucen matuƙan farko, na Sifaniya da Ingila da Amurka, suna cikin hujjojin da aka baje tare da tarihin baka, domin sun nuna mutanen da suka tari jirage da kaya a hannu, masu sanin farashi da hanyoyin ciniki tsakanin garuruwa. A 2009 babbar kotun lardin British Columbia ta yanke cewa al'ummomi biyar daga cikinsu, har da Mowachaht da Muchalaht, suna da haƙƙin kama kifi a ruwansu su sayar. An shafe fiye da shekara goma bayan hukuncin ana komawa kotu a kan yawan kifin da irin jiragen da za su yi amfani da su. Maganar ƙasar kanta kuwa tana nan ba a warware ba, domin Mowachaht ba su taɓa sa hannu a wata yarjejeniyar sallama ta ba, ko ga Sifaniya, ko Ingila, ko Kanada.